Hausar 'Yan Tasha, In Ji Wa?

Ranku ya daɗe, masu gadin harshe. Ku nake nufi, ku da in yaro ya wuce ya ce wa ɗan'uwansa "baaba, yau fa ka sha wanka," sai ku taɓe baki, ku girgiza kai, ku ce Hausa ta mutu saura a kai ta makwancinta. Na san ku sarai. Kuna nan a kowace majalisa, tun daga Ƙofar Mata har Zangon Kumasi, kuma hukuncinku ɗaya ne: sara ba Hausa ba ce, shirmen 'yan tasha ne, ba uwa ba uba, yau a ji ta gobe a neme ta a rasa. To ku gyara zama. Ni cewa na yi da yawa daga cikin kalmomin nan sun fi wasunku sanin shekarar haihuwarsu, kuma bakin da kuke tsine musu da shi cike yake da 'yan'uwansu, sai dai naku sun yi furfura.

Alhaji, kai da ka fi kowa ɗaga murya, da me ka zo majalisa yau? Da adaidaita. Madalla. To me aka daidaita? Kalmar ta liman ce, ita yake faɗa in ya waiwayo kafin kabbarar harama. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta are ta, ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyyar jama'ar Kano suna A Daidaita Sahu. Da shekara ta zagayo aka shigo da babura masu ƙafa uku domin mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa. Mutanen gari suka dubi abin, suka dubi gwamnatin da ta kawo shi, suka liƙa masa sunan shirin. Shiri ya bi gwamnatinsa, babur ya zauna. Da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari a watan Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur mai ƙafa biyu, sai adaidaita ta gaje titunan Kano kaf. Yau duk faɗin birnin nan babu abin da ya ƙi jinin daidaita sahu irin adaidaita sahu: ta shiga ta dama, ta ɓullo ta hagu, ta tsaya cak a tsakiyar titi don wata ta ɗaga mata yatsa. Ga uba, ga shekarar haihuwa, ga abin dariya kyauta. Ina rashin asalin yake?

In ka bar Kano sunanta ya sauya, amma dabarar raɗin sunan ɗaya ce. A Kaduna da Abuja Keke Napep ce, daga hukumar yaƙi da talauci da Obasanjo ya kafa a 2001. A Legas Keke Marwa ce, don Buba Marwa ne gwamnan soja lokacin da ta fara yawo a can. Yayanta mai ƙafa biyu kuwa, wanda Sakkwatawa da mutanen Maraɗi ke kira kabu-kabu, 'yan kudu okada suke ce masa, sunan kamfanin jiragen saman Cif Gabriel Igbinedion, wanda shi ma ya ɗauko daga sunan garinsu a jihar Edo. Kamfanin ya daɗe da naɗe tabarmarsa, sunan na nan yana ƙona mai a titi.

Ni dai cikin sunayen abin hawa babu wanda ya kai mini a-kori-kura. Duk wanda ya fara faɗin wannan ya cancanci a naɗa masa rawani. Ya ga ƙaramar motar ɗaukar kaya ta shigo kasuwa, ya ga masu turin kura sun yi cirko-cirko, ya gane abincin wa aka zo tarewa, ya ƙulle labarin duka cikin kalma uku. Kura dai ba ta koru ba, tana nan a kasuwannin Kwari da Singa, ƙato na tura ta yana "hanya, hanya!" Amma sunan ya shiga ƙamus ya miƙe ƙafa. Ku da kanku kuke faɗinsa ba tare da kun taɓe baki ba, alhali daga jinsa ka san ba a fada aka raɗa shi ba.

Mu leƙa aljihu, don nan furfurar sararku ta fi fitowa fili. Je ka kara ranar kasuwa, ka tsaya kusa da dillali. Saurayi ya zo sayen ragon suna, waya a hannu, tabarau a goshi. Dillali ya kama haɓar ragon ya buɗe masa baki, ya shafa gadon bayansa, ya ɗaga shi ya dire, ya ce, "Jaka ɗari biyar aka taya ɗazu, mai shi ya ce albarka." Saurayi ya yi tsuru-tsuru, yana so ya tambaya yana jin kunya. Wani dattijo da ke zaune kan buhun dusa ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Yaran zamani ko lissafi ba su iya ba. Dubu ɗari ke nan, ɗana." Dattijon nan ji yake Hausar kaka da kakanni ya yi. Ina! Jaka ta zamanin Turawa ce, jakar da ake ƙulle tsabar kuɗi na fam ɗari a cikinta. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka sauya kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu, jaka ta zama naira 200, kuma har gobe akwai tsofaffin da in ka ce musu naira goma sai sun mayar da ita fam biyar a zuci kafin su gane. Sule da sisi da taro da kwabo duk sunayen kuɗin Turawa ne da bakin Bahaushe ya tauna har suka yi laushi. "Ba ni da ko sisi," in ji mutumin da bai taɓa riƙe sisin ba. Anini, ɗan kuɗin nan mai huda a tsakiya da sai ka tara goma ka sami kwabo, ya bar kasuwa tuntuni ya koma kafaɗar soja da ɗan sanda, shi ya sa ake cewa an ƙara wa wane anini. Jaridar ma da kuke rantsuwa da Hausarta, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 Abubakar Imam na editanta, duba sunanta da kyau: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwabon nan, lokacin, baƙo ne da bai daɗe da sauke kaya ba.

Tsallaka Maraɗi ko Damagaram ka ga wani sabon lissafin. Mai ƙosai ta ce maka dala ashirin, in ba ka sani ba ka zaci kuɗin Amurka take nema, nan kuwa sefa ɗari ce, don dala a can tamma biyar ce, jika kuwa sefa dubu. Dalar tasu da ta Amurka tushensu ɗaya, kuma ta biyo tsohon kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniya Mariya Tariza da fatake suka yi ta yawo da shi tun kafin zuwan sefa.

A 1977 aka fito da takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala, shekara guda bayan an kashe shi. Ba wanda ya ba da umarni, kowa ya kama kiranta Murtala. A 1991 naira 50 ta zo da hotunan ƙabilu, aka ce Wazobiya, wato kalmar "zo" da Yarbanci da Hausa da Ibo a jere. A da in ka ba yaro Murtala sai uwarsa ta aiko a yi godiya. Yau ka miƙa wa almajiri ita sai ya dube ka sau biyu.

Siyasa kuwa ta fi kowa haihuwa. Alhaji, ba kai ne ɗan santsi ba a da? Kada ka sunkuyar da kai, an san ka. Da PRP ta dare gida biyu a 1980, ɓangaren Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka zama 'yan santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano suka zama 'yan taɓo. Waɗancan sun zame, waɗannan sun kafe. Kun yi shekaru kuna jifan juna da kalmomin nan har gaisuwa ta yanke tsakanin maƙwabta, ba ku taɓa tsayawa kun tambayi ko suna cikin ƙamus da wannan ma'anar ba. Yau ka ce wa yaro kakansa ɗan taɓo ne, zai zaci magini ne. Ƙartin da ke raka ku taro kuma 'yan banga kuke ce musu, daga kalmar Turanci ta 'yan sahun gaban jam'iyya. Jikokinsu kowane gari da sunan da ya ba su: jagaliya a Kano, kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, a Maiduguri kuwa ekomog, sunan rundunar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka tura Laberiya a 1990. Wanda ya raɗa wa 'yan dabar siyasa sunan rundunar kiyaye zaman lafiya, ku ce mini bai iya habaici ba?

Amma sarauniyarsu ita ce tazarce. Zarcewa tsohuwar Hausa ce, ba mai ja. Sai dai a 1998 ne aka ɗora mata kaya, lokacin da aka yi gangamin Abuja a watan Maris ana roƙon Janar Abacha ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki, jam'iyyu biyar ɗin da ke akwai duk suka tsayar da shi shi kaɗai. Har ɗinkin riga aka sa wa sunan, kuma na san akwai mai karanta wannan da tasa ke ƙasan akwati. Ranar 8 ga Yuni Abacha ya rasu, kalma ta ƙi binsa. Daga baya ta tsallaka iyaka ba fasfo, a 2009 Tandja Mamadou na Nijar ya shirya ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta don ƙarin shekara uku, jaridun Faransanci suka rasa yadda za su yi da ita sai dai su rubuta ta yadda suka ji. Soja suka sauke shi a Fabrairun 2010, ita kuwa ko gezau. Yau mai karanta labarai a rediyo zai ce gwamna wane na neman tazarce, fuska a ɗaure, ba wanda zai yi dariya. To masu gadin harshe, ku ba ni kalmar da kakanninmu ke faɗa a madadinta. Babu, kuma da dalili. Sarki ba ya neman tazarce, in ya hau ya hau ke nan sai ta Allah ta kasance ko a tuɓe shi. Da mulki mai wa'adi ya zo ya tarar ba a tanadar masa kalma ba, mutanen titi suka ƙera masa.

Abin da nake so ku ji ke nan, ko da kuna toshe kunne. Talaka ba shi da jarida, ba shi da ɗakin ajiye takardun tarihi. In abu ya same shi, suna yake sa masa, kuma sau da yawa sunan wanda yake zargi yake ɗauka. Tambayi tsofaffin Nijar yunwar 1984, za su ce maka El Buhari, wato 'yar Buhari. Fari ne ya kashe amfanin gona, amma a watan Afrilun shekarar gwamnatin sojan Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, hatsin da aka saba tsallakawa da shi ya tsaya. Ba su rubuta takardar koke ba, sun dai sa wa yunwar suna, sunan kuma ya fi takarda daɗewa. Ciwon idon nan da ke sa ido ya yi ja yana kwantsa, Apolo kuke ce masa har a gaban likita. A Gana ya ɓarke a 1969, shekarar da kumbon Amurka Apolo 11 ya sauka a duniyar wata, mutane suka haɗa biyu da biyu suka ce ga abin da leƙen sama ya jawo. Jakar nan mai zanen dara da kowace amarya ke zuba tarkace a ciki, Gana-mas-go, tana ɗauke da korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a farkon 1983. Hausawan zango kuwa in ka zauna da su za su tuna maka cewa gwamnatin Busiya ce ta fara, a 1969, da ta kori baƙi daga Gana, cikinsu har da 'yan'uwanmu. Akwai na daɗi ma. Ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974 ya sa ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyo, aka daɗe duk wata garaɓasa ana ce mata Udoji. Wannan kam ta mutu, ta bi garaɓasar.

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan boko, don na ga kuna murmushi kuna zaton yau ba da ku ake ba. Ku cutarku daban ce. Ku kun yarda kalmomi na da asali, sai dai a wurinku asalin kullum Ingila ne. Kun daɗe kuna koya wa yara cewa boko daga "buk" ta fito, wato littafi da Turanci. An faɗa a aji, an faɗa a rediyo, jaridun duniya suka kwashe suka yi ta maimaitawa da rikicin Arewa maso Gabas ya yi ƙamari. A 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya taɓa shugabantar cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Kano, ya zauna ya warware zancen. Da daga can ta fito, da wasalin "u" za ta zo, kamar yadda mai dafa wa Bature abinci ya zama kuku. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara, abin da aka yi don a rufe ido, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'anar. Kakarku ta san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a ɗora a gaba ana guɗa alhali amaryar gaske na wani wuri. Kun san biri-boko. Da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, malaman zaure suka dubi karatun da rubutun da ke tafiya daga hagu zuwa dama, suka ce wannan ai boko ne. Gori ne tsagwaronsa, sarar malamai ce ta wancan zamani. Ku kuma kuka karɓa kuka rataya a wuya, kuna cewa "mu 'yan boko" kuna gyara wuyan riga.

Ga wani kuma da lauyoyinku za su so. Ɗan damfara kuna ce masa fo-wan-nain, lambar sashe na 419 na kundin laifuffuka da ya yi magana kan karɓar dukiyar mutane da yaudara. Kundin na kudu ne. Arewa tun 1960 nata kundin daban, Final Kod. Wato mun aro lambar dokar da ba da ita alƙalanmu suka saba hukunci ba, muna zagin juna da ita. Damfarar ma ta sauya riga, ta koma intanet, masu yinta suka zama 'yan yahu, sunan kamfanin da aka fi buɗe akwatin saƙo da shi lokacin da harkar ta fara.

Na ji wani Bagobiri daga can baya yana cewa duk Yarbanci ne ya ɓata mana harshe, su oga, su ajebo, su ashobi. Kai da iyayen gidanka, wa zai shiga tsakaninku? Amma kafin ka ci gaba, duba agogon hannunka, ka ƙyasta ashana, ka aika a kira akawu. Duk ukun daga wajensu suka zo, sun daɗe har sun yi jikoki. Kuma ba mu kaɗai ke ci ba a ba mu. Mutumin Fatakwal da bai taɓa zuwa Arewa ba yana kukan wahala, yana zargin abokinsa da wayo, yana neman jara a kasuwa, wato gyara. A Ankara ta Gana ana layin sayen wace da safe, waken nan ne namu da shinkafa. A Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da Kannywood, kalmar da aka fara bugawa a mujallar Tauraruwa a Kano a 1999, tun kafin a ji Nollywood. Turawa sun buɗe mata ƙofa, ku kuna nan kuna tambayar ta takardar shaidar ɗan ƙasa.

Zazzagawa kuwa ku yi shiru kawai. Mutanen da ke cewa "matana ya dawo daga kasuwa" ba su da bakin gyara wa kowa Hausa.

Mafi yawan sarar samari ma ba aro ba ce, tsohuwar kalma ce aka murɗa mata wuya. Wanka kowa ya san shi da soso da sabulu, suka mayar da shi ado. Haɗuwa ta mutum biyu ce a hanya, suka ce yarinya ta haɗu, wato komai nata ya zo ya taru wuri ɗaya ba abin da ya yi saura. Ku faɗi gaskiya, akwai yabon da ya fi wannan taƙaitawa? Wanki na tufafi ne, amma in aka wanki gara, an raba wawa da kuɗinsa ne tas, ko kumfa ba a bar masa ba. Casa ta hatsi ce a turmi, ta koma rawa, kuma duk wanda ya taɓa ganin ƙafafun masu cashewa a gidan biki ya san ba a yi ƙarya ba. Wanda ya yi kuɗi dare ɗaya ya faso gari. Namijin da ba ya motsi sai da izini mijin-ta-ce ne, kuma na lura masu ƙin sara ba su cika son a tsaya kan wannan ba.

Hajiya, na ga kina gyaɗa kai kina cewa ke dai ba ruwanki da maganar 'yan iska. To zaurancen da kuke yi da ƙawayenki a dandali fa? "Zadan tadafidi," don kada Inna ta gane wurin wa za a tafi. Dalilin da ya sa kuka yi shi ne ya sa 'ya'yanku ke nasu: a yi magana a gaban babba, babba bai ji ba. Nan kuma wasa ya ɗan tsaya, don abin da ake ɓoyewa yanzu ya wuce sunan saurayi. Yaro na zaune a falonki, ƙafa kan kujera, yana waya: "Akwai kaya? To ajiye mini, jiya ban yi caji ba." Ke kina tankaɗe a tsakar gida, har kina cewa a ba shi cajar babansa. Roci sunan kamfanin da ke rubuce jikin ƙwayar ne, sholisho gam ɗin masu faci ne, a-ji-garau kuwa sunan ya faɗi abin da ake nema. Sai da BBC ta fito da rahotonta kan kodin a 2018, gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da sarrafa shi, sannan iyaye da yawa suka fahimci kalmomin da suka shekara suna ji a ɗakin samari. Ƙyamar sara ba ta hana yaro yinta, iyaka ta hana ki jin abin da ya ce.

Kada ku ce ban ba ku komai ba, ga naku rabon. Akwai abin da ni ma ke sa ni tsaki, amma ba sara ba ne, Ingausa ce. Mutum ya buɗe baki ya ce "ina bizi yanzu, zan kol ɗinka leta." Wannan ba fasaha a ciki, lalaci ne da son a san an shiga aji. Kira na nan, anjima na nan, ba wanda ya kore su. Ku gwada shi da abin da mutanen gari suka yi da wayar salula ta zo a 2001. Suka ce tafi-da-gidanka. Da manyan wayoyi suka fito, 'yar ƙaramar nan mai tocila a ka ta zama rakani-kashi, suna mai ɗauke da rashin wutar lantarki da masai a bayan gida da talaucin mai ita, duka a numfashi ɗaya. Da samarin Maiduguri suka tashi da sanduna a 2013 suna tsare unguwanninsu, gwamnati da jaridu na ta fama da dogon suna na Turanci, gari ya ce ƙato-da-gora, magana ta ƙare. Mai wannan aikin ya san Hausa ciki da bai, ya fi mai "leta" nesa ba kusa ba, kuma zaluncin da kuke yi shi ne zuba su a kwando ɗaya.

Gaskiyarku kuma, yawancinsu ba sa kai labari. Sara goma za ta fito a shekara, tara su bi iska kafin a sha ruwa. Wadda ke tsira ita ce wadda ta sami gurbin da ba kowa. Don haka bari in yi kasada a gabanku kan 'yan shekarun nan. Maja ta 2013, lokacin da jam'iyyun adawa suka narke suka zama APC, tana da sauran numfashi muddin 'yan siyasa na ɓatawa suna shiryawa. Sak ta 2015 ta koma inda ta fito, masu ita ma sun daina faɗa da ƙarfi, wake-da-shinkafa ta ci kasuwarta, don mai zaɓe ya koyi tsinto gwamna daga nan, sanata daga can. Inkonkulusib ta zaɓen gwamnan Kano na 2019 ta yi tashe, har neman auren da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa an sa masa ita, amma ta yi wa harshe nauyi, ba na ba ta shekara goma nan gaba. Biyu nake tsaya wa. Falle ɗaya, don dole a sami abin da za a mayar wa mai neman tazarce. Sai taliya, wadda tun zaɓen 2023 ta tashi daga tukunya ta zama sunan duk abin da aka ba ka don ka sayar da ƙuri'arka, ko atamfa ce ko sabulu.

Alhaji ya ce bai yarda ba, wai taliya abinci ce kuma abinci za ta ci gaba da zama. To ba caca za mu yi ba, haramun ce. Amma ga shaidu: in aka gama zaɓen 2027 ba ka ji kalmar nan a bakin mai sharhi a rediyo ba, ka zo ka cire hular kaina. Ba Zanna Bukar ba ce, wadda ku manya kuke kafawa kuna manta sunan ministan Jamhuriya ta Farko ne, Zanna Bukar Dipcharima. Tawa mu-haɗu-a-banki ce, kuma sau ɗaya aka wanke ta.